Layi Biyu

Da hantsi muka sauka a Mandawari,
ni da Barau mai ɗaukar kula,
da takardu ɗari da ashirin a jaka,
kowace da gurbin suna, da shekaru, da tari,
da ɗan fili a ƙasa don sauran bayani.

Ƙa'ida ta ce gida na biyar-biyar za mu shiga,
mu tsallake huɗu ko da ana kiranmu.
Lungun nan bai san ƙa'ida ba:
ƙofa ɗaya, a ciki magidanta bakwai,
rijiya ɗaya, buta ɗaya a bakin zaure.

Gida na goma, Malam Ilu maɗinkin hula.
Ya ce, "Ni korona ba ta san ni ba, 'yata.
Mura ce ta ratsa ni cikin azumin bara,
na sha citta da kanumfari, ta wuce.
Sai dai kwana tara ban ji ƙamshin daddawa ba,
har na yi wa Kubura faɗa a kan miya."
Allurarsa ta tsaya a tsakiyar zare.
"Ita ba ta kai Sallah ba."

Na goge yatsarsa da auduga,
yatsar da allura ta riga ni hudawa sau dubu.
Ɗigo ɗaya.
Minti goma sha biyar muna kallon tsinken roba
kamar masu duban wata.
Layi ɗaya ya fito. Can sai na biyu ya biyo shi,
a hankali, tafiyar baƙon da ya san hanyar gidan.

"Me ya ce?"
Na ce, "Baba, jininka ya taɓa gamuwa da ita,
sun yi kokawa, ya riƙe kamanninta.
Garkuwa ce."
Ya ce, "Ashe jini ma yana da hadda.
To na Kubura me ya hana shi haddacewa?"
Na duba takardata sama da ƙasa.
Babu gurbin wannan tambaya.

A ɗakin bincike Dakta Sa'adatu tana zuba mu cikin kwamfuta.
Malam Ilu ya koma lamba ɗari biyu da sha huɗu,
namiji, sittin da takwas, hawan jini e, sukari a'a.
Ta ce da ɗigo-ɗigo ake gane faɗin kogi:
wa ta fi kayarwa, wa ta shafa ta wuce,
wata nawa garkuwa ke yi kafin ta dusashe.
Na yarda da ita.
Na ga taswira tana yin ja daga Gwale zuwa Fagge,
na ga inda masu haƙa kabari suka riga mu ƙidaya
da kantar hannu, ba da biro ba.

Abin da ban faɗa mata ba:
ranar da kayan gwaji suka iso
an ce kowa ya fara da kansa don hannu ya faɗa.
Na huda tawa yatsar a bayan labule.
Layi biyu.
Ni da ko atishawa ban yi ba,
ni da nake dawowa daga aiki in zauna gefen tabarmar Abba,
in ɓare masa lemo,
in hura masa kunun buɗa-baki don kar ya ƙone shi.
Shi da aka kai Ɗandolo sha bakwai ga azumi,
mutum goma sha ɗaya kacal a sahu.

Dakta ta ce lissafi ba ya nuna kowa da yatsa,
maganarsa a kan dubu take, ba a kan ɗaya ba.
Na sani.
Na ci jarrabawar ma.

Gobe Yakasai.
Barau ya ce in tuna da ƙanƙara,
kwalaben jini ba sa jure zafin Kano.
Da za mu fito Malam Ilu ya miƙo mini hula,
shuɗiya, zaren bakinta bai gama bushewa da yawunsa ba,
ya ce, "Ki kai wa mahaifinki."
Na durƙusa na karɓa da hannu biyu.
Tana cikin jaka har yanzu,
a kan takardun da ba a cike ba.